Musayar Orest ta Ƙarshe

Ethelbert, Manitoba
6 ga Mayu, 1996

Zuwa ga Yaya Nestor,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin can? Ya ƙafar nan taka? Ranar jana'iza na ga kana jan ta, ban samu bakin tambayarka ba. Ni da sauƙi. Ina cin abinci, ko da ba na jin ɗanɗanonsa. 'Yarmu Darcia ta koma Winnipeg bakin aikinta, ba ta fashin kirana duk Lahadi. Shanu sun gama haihuwa, maraƙi ɗaya muka rasa. Makon jiya aka yi addu'ar arba'in ɗin ƙanenka Orest, coci ya cika maƙil. Na san da an ba ka hutu da ka zo.

Abin da zan tambaye ka ba na waya ba ne. Wayarku guda ce a ɗakin cin abinci, mutane na tsaye a bayanka, ga shi injin ramin haƙar ma'adinai ya cinye maka kunne ɗaya, sai na ɗaga murya. Ba maganar ɗaga murya ba ce.

Maganar gasar nan taku ce. Shekara goma sha huɗu ina kallonku, manyan mutane goma, duk watan Satumba ku zauna a ɗakin taron coci kuna rabon sunayen 'yan hoki, wasan nan na sanda a kan ƙanƙara, a takarda, mutanen da ba su ma san kuna duniya ba. Ɗan wasa ya ci a talabijin, Orest ya rubuta wa kansa maki kamar shi ya buga. Ban taɓa sa baki ba, nawa in dafa muku pyrohy, ƙullin fulawar nan mai dankali a ciki, in kai. Abin da na sani kawai, kowa na da damar riƙe mutum uku zuwa baɗi, sauran su koma kasuwa a sake rabo, kuma a cikin 'yan wasan Desormeaux shi ne ɗan gaban goshin Orest. Sai ya ce mini, "Verna, in gidan nan ya kama wuta, littafin gasar nan za ki fara fitarwa, Desormeaux na ciki." Ni kuma in ce, "To, shi zai dafa maka abincin gobe."

Ranar arba'in ina ɗauke da tire na bi ta bayan Zenon mai gareji, na ji yana ce wa na kusa da shi, "Ka taɓa jin Orest ya ba wani ko allura a gasar nan? Amma ya ɗauki Desormeaux sukutum ya miƙa wa Nestor." Da suka gan ni suka yi tsit, Zenon ya shiga yabon miya.

Na dawo gida na buɗe littafin. Ran ashirin ga Fabrairu ya ja layi a kan Desormeaux, ya rubuta sunanka a gefe. A madadinsa ya sa sunaye biyu da ban taɓa ji ba, Pruden da Kettunen. Na bi jaridun da ya tara a bayan murhu ɗaya bayan ɗaya, ba su ko a layi guda.

Sai na tuna a watan nan sau biyu ya tafi Brandon, wai neman kayan gyaran tarakta. Ya kwana can, ya dawo ba ko kusa a hannunsa. Brandon kuwa akwai babban asibiti. Likitanmu na nan ya ce bai taɓa kawo masa kukan zuciya ba, amma wa ya san wanda ya gani a can?

Yaya, na taɓa ganin irin wannan. Da aka gaya wa babana cutarsa, sai da ya ba da bindigarsa da karensa da akwatin kayan aikinsa kafin ya buɗe baki ya gaya wa mamana.

Ka faɗa mini gaskiya. Orest ya san zai tafi ne, ya ɓoye mini? Shekara talatin da ɗaya muna kwana ɗaki ɗaya. In ya sani ya bar ni ina masa faɗa a kan takalmi mai laka har ranar da ya faɗi a garke, ban san yadda zan yi da wannan ba.

Ƙanwarka,
Verna


Sansanin ma'adinai, arewa da Yellowknife
23 ga Mayu, 1996

Verna ƙanwata,

Na samu takardarki, na gode. Ina lafiya. Ƙafa na nan yadda kika gan ta, in an yi sanyi ta tuna da ni, a nan kuwa kullum sanyi ne. Ki gaida Darcia. Ki daure ki riƙa cin abinci ko ba daɗi.

Na ji an yi arba'in lafiya. A ranar na tsaya a bakin tafki na yi masa tawa addu'ar ni kaɗai. Wa zai shuka muku gona bana? In ba a shirya ba ki yi wa Zenon magana, bakinsa ne babba amma ba ya ƙin aiki.

Maganar musayar nan kuwa, don Allah ki bar ta sai na zo a Satumba. Tsakanina da ƙanena ce, kuma ba na jin daɗin tuna ta. Akwai abin da ya faru tsakaninmu kafin ya rasu wanda har yanzu ban iya rubuta shi ba. Kada ki sa komai a ranki.

Yayanki,
Nestor


Ethelbert
3 ga Yuni, 1996

Yaya Nestor,

Ina gaisuwa. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Mu lafiya. Gona an shuka. Maƙwabta suka haɗu da tarakta bakwai ranar Asabar, kafin la'asar sun gama abin da Orest ke yi a mako biyu. Na dafa musu abinci, na tsaya a bakin taga ina kallo. Na gode musu, amma layukansu ba su miƙe kamar nasa ba.

Na karanta takardarka sau huɗu. Na yi maka tambaya guda, wadda amsarta i ce ko a'a. Da a'a ce da ka rubuta ta, harafi nawa ne? Ka ce akwai abin da ya faru tsakaninku da ba ka iya rubutawa. To na gane. Kai ya gaya wa. Ya zaɓi ɗan'uwansa da ke can ƙarshen duniya, ya bar matar da ke wanke masa safa.

Ka ce kada in sa komai a raina. Ina zan sa shi?

Ba na jin haushinka sosai, in alkawari ya ɗora maka, ka riƙe. Shi nake jin haushi, kuma wannan ne ke cin raina. Mako uku ke nan ban je kabarinsa ba. In na tashi zuwa sai in ji maganganu sun taru mini a maƙogwaro, irin waɗanda ba a faɗa wa mamaci. Da na sani, ai da ban bar shi ya fita garke cikin dusar ƙanƙara shi kaɗai ba. Da mun sayar da shanun. Da mun je bakin teku da yake ta cewa za mu je. Da aƙalla na zauna na dube shi da kyau.

Darcia ta ce, "Mama, wasan takarda ne fa, me ya sa kike karanta shi kamar wasiyya?" Na ce mata ita ba ta san ubanta ba. Mutumin da ya taɓa ƙin yi wa Zenon magana wata biyu a kan mai tsaron raga ba zai yi kyauta da Desormeaux haka kawai ba.

Ba zan jira Satumba ba. Ka gaya mini ranar da ya sani, da abin da likitan Brandon ya ce masa. Zan iya ɗauka.

Verna


Ethelbert
1 ga Yuli, 1996

Yaya,

Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mu muna nan. An yi ruwa, alkama ta fito.

Wata guda ke nan. Kullum na je gidan waya matar da ke aiki a can sai ta girgiza mini kai tun kafin in rufe ƙofa. In maganata ta yi zafi ka yi haƙuri, ban saba rubutu ba, abin da ke bakina shi ke sauka a takarda. Ba ni da wanda ya rage da ya san Orest tun yana yaro sai kai. Ko ba za ka amsa tambayar ba, ka rubuto layi biyu in san kana raye.

Verna


Sansanin ma'adinai
10 ga Yuli, 1996

Verna ƙanwata,

Ina lafiya, ina raye, kuma ni wawa ne. Takardunki biyu tare suka iso jiya. Ƙanƙarar tafki ta narke rabi, jirgi mai sauka a kan ƙanƙara ya daina zuwa, mai sauka a ruwa bai fara ba, muka zauna mako biyar ba wasiƙa ba ɗanyen kayan miya. Da na karanta sai da na zauna a bakin gado. Ga amsar da ya kamata in fara da ita tun watan Mayu:

A'a. Bai sani ba. Bai gaya mini komai ba don babu abin faɗa.

Verna, mijinki ba kyauta ya yi mini ba. Damfarata ya yi. Ki saurara, zan bi a hankali.

A gasarmu, wanda ke son kofi bana shi ke tara manyan 'yan wasa. Wanda ya ba da babba ya karɓi yara, wannan ba sallama yake da duniya ba, gini yake yi don shekaru masu zuwa. Pruden da Kettunen ba ki gan su a jarida ba don ba su kai babbar gasa ba tukuna. Shekararsu goma sha takwas-takwas. Kettunen ma yana can Finland. Sai nan da shekara biyu ko uku za su fara kawo maki. Kuma ba su kaɗai ya karɓe mini ba. Akwai takarda ta biyu a wurina, tunda ni ke riƙe da babban littafi: damata ta zaɓen farko a rabon 'yan wasa, ta bana da ta baɗi, duka na ba shi. Ya sa hannu, na sa.

Ni a nawa tunanin na yi riba, zan riƙe Desormeaux shekara uku in huta. Na manta da doka ta tara. Ba a riƙe ɗan wasa fiye da shekara uku, kuma in an yi musayarsa, shekarun da ya riga ya ci suna bin sa, ba a sake ƙirga daga farko. Desormeaux na shekararsa ta uku a hannun Orest. Ko da bai ba ni ba, bana zai koma kasuwa. Wato wata biyu kacal ya ara mini shi, ya kwashe mini shekara biyu da yara biyu. Kofin ma ban ci ba, na uku na zo. Abin da ya fi ciwo, Orest ne ya kawo dokar nan shekarar da aka yi babban fari, ni na rubuta ta da hannuna. Abin da su Zenon ke yi ranar arba'in, dariyata suke yi. Kunyar zancen hoki a wurin makoki ce ta rufe musu baki da suka gan ki.

Brandon kuwa ba asibiti ya je ba. Pruden na buga wa ƙungiyar matasa a can, shi ya je gani da idonsa kafin ya ɗana mini tarko. Daga baya ya ce mini, "Kada ka gaya wa Verna. In ta ji na yi tuƙin awa uku a kan ƙanƙara don kallon ɗan wani, a garke zan kwana har bazara."

Yanzu ga abin da na kasa rubutawa. Ran sha biyar ga Maris na gano. Na tsaya layin waya na kira shi, mutane na bayana. Na ce, "Orest, kai ɓarawo ne." Ya ce, "Yaya, ya jiki?" Na ce, "Ni za ka yi wa haka? Ni da na koya maka ɗaura takalmin ƙanƙara?" Ya fashe da dariya har yana tari. Ya ce, "Karanta doka ta tara. Rubutun wa ka gani?" Na ce a soke musayar. Ya ce kwana bakwai na ƙorafi sun wuce tuni, ita ma doka ce. Ya ce, "Ka yi haƙuri, tsoho. Nan da shekara uku in na ɗauki kofi zan bar ka ka taɓa." Na ce masa tun yana yaro haka yake, macuci, kada ya sake kirana. Na kife wayar.

Kwana huɗu bayan nan Darcia ta kira ofishin sansani da labarin rasuwarsa.

Maganata ta ƙarshe da ƙanena ke nan. Da kika tambaye ni musayar, kaina kawai na duba, ban karanta takardarki da kyau ba. Ki yafe mini.

Saura abu ɗaya, in faɗa don kada a ce na ɓoye. Doka ta sha biyu ta ce in mai ƙungiya ya bar gasa, a rushe ƙungiyar, 'yan wasansa su koma kasuwa, zaɓuɓɓukan gaba su koma ga masu su na da. Sai fa in wani daga gidansa ya karɓa, ya aiko sunayen mutum ukun da zai riƙe kafin ƙarshen Agusta. Ba wanda zai ga laifinki in kin bari. Ni ma, kin gani, ba zan yi asara ba.

Yayanki,
Nestor


Ethelbert
22 ga Yuli, 1996

Zuwa ga Yaya Nestor,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode wa Allah da kana lafiya. Ka ci ganye yanzu da jirgi ya dawo. Ni lafiya ƙalau, abinci ya fara yi mini ɗanɗano. An yanke ciyawar shanu an ɗaure kafin ruwa.

A tsaye na karanta takardarka a gidan waya. Ina kaiwa wurin "a'a" na nemi wurin zama, matar nan ta miƙo mini kujerarta. Da na kai wurin damfara kuwa sai dariya ta ƙwace mini, ga hawaye na zuba. Ta ce, "Verna, labarin daɗi ne ko na baƙin ciki?" Na ce, "Mijina ɓarawo ne."

Kada ka ji haushi, amma ban tsaya a maganarka ba, don na yi tunanin ko lallashina kake. Na je na buɗe motarsa da ban taɓa ba tun Maris. A ƙarƙashin kujera na samu takardar jerin 'yan wasa ta Brandon, an naɗe takardar tsiren alade a cikinta, tsiren da na hana shi ci. Ya zagaye sunan Pruden, ya rubuta a gefe: "Ƙafa kamar barewa, jiki ba nama. A ba shi shekara biyu. Kada Nestor ya ji." Na zauna a motar har shanu suka fara kuka.

Yanzu kai ka saurara, don ni ma ina da abin ba ka. Na tuna ranar da ka kira. Ina kicin ina yanka kabeji, ina jin ihunka daga cikin wayar. Da ka kife, ya shigo yana share ido da bayan hannu. Na ce, "Me kuma ka yi wa Yaya?" Ya ce, "Ba komai, karatu na koya masa." Ya ci faranti biyu. Ya ce, "Ba shi mako guda, zai kira. Tun muna yara bai taɓa iya fushi ya wuce Lahadi ba." Bai tafi da ciwonka ba, Yaya. Ban ga ya ji daɗin wata rana a sanyin bana kamar ranar ba. Ka sauke wannan kayan.

Maganar doka ta sha biyu, na ga inda ka ce ba za ka yi asara ba. Za ka yi. Ba za a rushe komai ba. Mutum ya yi tuƙi a kan ƙanƙara sau biyu, ya yi wa matarsa ƙarya, ya sha zagi, sannan in bar aikinsa ya zube? Rubuta sunana. Pruden da Kettunen na riƙe su. Na ukun ban sani ba tukuna. Na kai wa Zenon littafin in tambaye shi, ya yi saurin nuna mini wani suna, saurin ya yi yawa, don haka wannan kam ba shi ba. Ka aiko mini da dokokin duka, daga ta ɗaya har ta ƙarshe, da babban rubutu. Ajina takwas kawai a makaranta, amma in na karanta abu ba na mantawa, ba kamar wasu ba.

Jiya bayan coci na je kabarin Orest. Ciyawa ta rufe gefen dutsen, na durƙusa na cire ta da hannu. Na ba shi haƙuri. Na kuma yi masa faɗa a kan Brandon, don wannan ya ci a yi masa. Wata biyu da rabi na yi ina fushi da shi a kan abin da bai yi ba, ko kukan kirki ban samu na yi masa ba. Jiya na yi. Yana nan yana shirin shekara uku tare da ni, Allah ne ya yi nasa shirin. Wannan zan iya zama da shi.

Ɗakin baya a share yake, in ka zo a Satumba kada ka sauka wani wuri. Ka zo da takardar nan ta biyu, ina so in ga sa hannunsa.

Ƙanwarka,
Verna